Kada ka sayar da kyamararka kafin ka taho Kumasi

Ƙanena, saƙonka ya iso tare da hotunan Sallah. Ka ce kana son tahowa Kumasi ka kama sana'ar hoto, amma sai ka sayar da 'yar Canon ɗinka ka sayi babba, tunda farar shadda tana fitowa ruwan toka, fuskoki kuma duhu. Don Allah kada ka sayar, lafiyarta ƙalau.

Ma'aunin hasken da ke cikinta bai san fari ba, bai san baƙi ba. Duk abin da ka nuna masa, so yake ya mayar da shi ruwan toka tsaka-tsaki, irin wanda ke dawo da kusan kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Da ya ga sahun manyan riguna fari fat, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage. Riga ta dushe, fuskar mai ita ta nutse.

Nan garin kuwa kana iya haɗuwa da fari da baƙi a mako guda. Asabar ranar makokin Asante ce, wato 'yan asalin yankin nan, jama'a cikin baƙi da ja. Lahadi biki a unguwar Aboabo ko Asawase, farin leshi ko'ina. Aikina na farko a wajen makoki na bar kyamara ta yi awonta. Ta ga baƙi, ta ƙara haske: zannuwa suka fito kamar sun sha wanki sun koɗe, goshin dattawa ya ƙone fari tas. Matar da ta ɗauke ni aikin ta duba, ta miƙo mini ba ta ce uffan ba. Har yau shirun nan yana damuna.

Awo iri uku za ka riƙe. Akwai mai duba faɗin hoto gaba ɗaya, ya isa idan haske ya bazu daidai. Akwai mai fifita tsakiya. Sai awon ɗigo, mai karanta ɗan wuri ƙanƙane. Shi nake ɗora wa kumatun amarya idan tana cikin rumfa, rana kuma na dukan bayanta. In ka bar ta a na farko, nemi alamar +/-: cikin farare ka ƙara 1, cikin baƙaƙe ka rage 1, sannan ka duba.

Ba allon kyamara za ka duba ba, don tsakar rana yana ruɗin ido. Buɗe histogiram, zanen nan mai kama da tudu. Hagu duhu ne, dama haske, daga 0 zuwa 255. A wajen biki tudun ya karkata dama, daidai ne, a makoki ya karkata hagu. Abin gudu shi ne ya haye bangon dama ya manne. Nan aikin da ke wuyan rigar ango ya tafi ke nan, kwamfuta ba ta dawo da shi. Duhu ana iya ɗan ɗago shi, musamman in ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ke ajiyewa ba ta sarrafa shi ba.

Kafin ka taso, shanya farar riga da baƙin zane a igiya ɗaya, ka yi mako kana ɗaukarsu safe da rana, ka riƙa turo mini. Fasfo ɗinka na ECOWAS zai ba ka kwana 90 ba biza, amma kada ka manta katin rigakafin cutar shawara. Ka gaida Inna.