Barista, ba ni nake ɗora finafinan ba, me ya sa ake neman kai ni kotu?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Shekara biyu ke nan da na buɗe shafin intanet inda mutane ke ɗora finafinai da waƙoƙi, wasu su sauke kyauta. Ni ba na ɗora komai da hannuna. Kuɗin talla nake samu, sai ɗan katin waya da nake ba waɗanda aka fi sauke kayansu. Rumbun ajiyar ma a Turai na kama haya. Makon jiya lauyan wani furodusa ya aiko mini da takarda, ya ce in cire finafinansu cikin mako biyu ko mu haɗu a kotu. A ƙasan shafin na rubuta cewa ba ruwanmu da abin da mutane suka ɗora. Wannan bai isa ya kare ni ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bai isa ba. Kuma abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne katin wayar nan da ka ambata kamar ba komai ba. Bari in ba ka labarin wani shafi da ya bi irin hanyarka, za ka ga dalili.

A 2005 wani Bajamushe mai suna Kim Dotcom ya kafa Megaupload, aka yi wa kamfanin rajista a Hong Kong. Kowa na iya ɗora fayil, a ba shi adireshin da zai tura wa wasu su sauke. Shafin ya bunƙasa har yana iƙirarin mutum miliyan 50 ne ke shigarsa kullum. Ranar 19 ga Janairun 2012 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta rufe shi, 'yan sandan New Zealand kuma suka dira gidan Dotcom kusa da Auckland da jirage masu saukar ungulu suka kama shi. Takardar tuhuma ta ce masu shafin sun samu sama da dala miliyan 175, sun kuma jawo wa masu haƙƙin mallaka asarar fiye da dala miliyan 500.

Hujjar da suka kafa ita ce taka: mu wurin ajiya muka bayar, ba mu muka ɗora ba. Masu gabatar da ƙara ba su tsaya jayayya kan wanda ya ɗora ba. Sun nuna cewa shafin yana biyan lada ga waɗanda aka fi sauke kayansu, alhali kowa ya san sabon fim ne ke jan jama'a, ba hoton bikin wani ba. Sun kuma yi zargin cewa idan mai fim ya kai koke, adireshi ɗaya ake gogewa a bar ainihin fayil ɗin, sauran adireshin su ci gaba da aiki. Sannan suka kawo saƙonnin da ma'aikatan ke aika wa juna, waɗanda ke nuna sun san abin da ke cikin rumbunsu. Sani, da ƙarfafa gwiwa, da cin riba: a kan waɗannan aka gina shari'ar. Abokan aikinsa biyu, Mathias Ortmann da Bram van der Kolk, sun amsa laifi a New Zealand, aka ɗaure su kimanin shekara biyu da rabi kowannensu a 2023. Dotcom ya ci gaba da musantawa, amma a Agustan 2024 ministan shari'ar ƙasar ya sa hannu a miƙa shi ga Amurka. Zuwa lokacin ya shafe shekara goma sha biyu yana zirga-zirgar kotu.

Batun rumbunka na Turai kuwa, kada ka dogara da shi. Megaupload kamfanin Hong Kong ne, amma hayar na'urorin ajiya a jihar Virginia na cikin abin da ya buɗe wa Amurka ƙofa. Kai a nan kake zaune, a nan kake karɓar kuɗi, fim ɗin ma na ɗan ƙasa ne.

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, ta yi magana kai tsaye kan intanet. Ta ba mai haƙƙi damar aika wa mai shafi sanarwa ya cire kayansa, ta wajabta wa mai shafi ya cire ba tare da jinkiri ba, ya kuma dakatar da masu maimaita satar. Ta ba Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ikon toshe shafi. Akwai kariya ga wanda ajiya kawai yake yi, amma da sharaɗin bai san da satar ba, ba ya cin riba daga gare ta, kuma ya gaggauta cirewa da zarar an sanar da shi. Daga ranar da takardar nan ta shigo hannunka, "ban sani ba" ta ƙare. A Babbar Kotun Tarayya furodusan zai iya neman diyya, da umarnin dakatar da kai, da lissafin ribar da ka ci. Sanya aikin wani a intanet don kasuwanci ba da izininsa ba laifi ne kuma, mai tara da ɗauri.

Yau ɗin nan ka cire finafinan, ainihin fayilolin, ka ajiye shaidar rana da lokaci. Ka daina rabon katin. Amma kada ka goge bayanan kuɗin talla ko na waɗanda suka ɗora, domin ɓatar da shaida bayan an yi maka barazanar ƙara ya fi barin ta muni. Kada ka shiga ba da haƙuri ko cacar baki ta WhatsApp, duk abin da ka rubuta zai iya zuwa gaban alƙali. Ka kai takardar wurin lauya ya amsa kafin wa'adin ya cika, ya kuma nemi shaidar cewa mai koken shi ne mai fim ɗin ko an mallaka masa a rubuce.

Bayan nan, in ni ne kai, sulhu zan nema. Furodusan nan kuɗi ya zuba, wataƙila ma bashi ya ci, ya biya 'yan wasa da masu ɗaukar hoto, sai ya tarar da fim ɗinsa kyauta a shafinka. Amma kana da abin da yake buƙata, wato jama'a. Za ku iya ƙulla yarjejeniya a rubuce, ya ba ka izinin nuna wasu finafinai ku raba kuɗin talla, a kuma rubuta yadda aka warware abin da ya wuce. In kuwa ka ga shafin ba zai rayu ba sai da kayan da ba a ba da izini ba, ka rufe da kanka kafin a rufe maka. Ka ba mutane wa'adi su kwashe nasu na halak, domin da aka rufe Megaupload akwai waɗanda ayyukan hannunsu suka maƙale a ciki, suka yi ta bin kotu shekara da shekaru ba su samu ba.