Tambaya da Amsa: In canja batirin motata mai lantarki da kaina ko in kai gareji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Nissan Leaf ƙirar 2013, na saye ta na hannu, da can in na cika caji ina zuwa Jega in dawo hankali kwance, yanzu kuwa ko Kalgo sai da fargaba. Na samu mai sayar min da wani batirin, shi ma na hannu, ni kuma ina ɗan taɓa aikin sola, to in ɗaura da kaina ko dole sai gareji? Daga mai karatu a Birnin Kebbi.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Don girman Allah kada ka sa hannu a wannan aikin, na san kuɗin aiki kake son ragewa amma rai ya fi. Batiran sola da ka saba haɗawa volt 24 ne ko 48, na Leaf kuwa wajen volt 360 ne, kuskure ɗaya da sifana ya isa ya kashe mutum nan take. Ga nauyi, kusan kilo 300, kuma a ƙarƙashin motar yake, sai an ɗaga ta sama an tare shi da abin da zai iya ɗauka, ba aikin jak da bulo ba ne. Ko ka ɗaura lafiya ma da sauran aiki, don sai an yi wa kwamfutar motar rajistar sabon batirin, in ba haka ba ta ƙi ba ka gudu.

Kuma ba kowane gareji ba. Tambayi bakaniken ko ya taɓa yi, ka ga safar hannunsa ta roba mai jure volt 1000 da idonka, ka ji ko ya san sai an cire fulogin da ke katse wutar batirin an ɗan jira kafin a kwance komai. In ya fara kame-kame ɗauke motarka, ko da sai ka ɗora ta a babbar mota zuwa Abuja.

Abin da ya fi damuna ma shi ne batirin da za ka saya ɗin. Na Leaf ba shi da na'urar sanyaya shi, zafi ne ke cinye shi, ka kuwa san yadda Kebbi take a Maris da Afrilu, sama da digiri 40, to kar ka je ka sayi wanda ya gaji kamar naka. Akwai manhajar waya LeafSpy, ana haɗa ta da motar ta nuna kashi nawa ya rage na lafiyar batirin, a gwada a gabanka tun yana jikin motar da za a ciro shi, kafin ka ba da ko sisi.

In an ɗaura, riƙa caji da dare ko da asuba, ka ajiye motar a inuwa. Tsohon batirin kuma kar ya kwana a ɗaki kusa da yara, wutar lithium, sinadarin da ke cikin batirin, in ta tashi wuyar kashewa gare ta, takan mutu ta sake kamawa.