Amsa ga mai tambaya kan girman aksolotil a Legas

Malam, ka ce aksolotil ɗinka, wato dabbar ruwa mai ƙafa huɗu da jela, dangin kwaɗo, da kake kiwo a tanki, ta kai wata 8 amma tsawonta bai wuce santimita 11 ba, kana tambaya ko wada ce, da kuma iya inda girmanta zai tsaya. Kafin ka ɗora wa jininta laifi, saka ma'aunin zafi a ruwan da tsakar rana ka ga abin da zai nuna.

Babbar aksolotil tana kamawa daga santimita 15 zuwa 45, amma mafi yawansu wajen 23 suke tsayawa, kuma da wuya ka ga wadda ta haura 30. Ana auna ta daga baki har ƙarshen jela. Ƙwai yana ƙyanƙyashewa bayan kimanin mako 2, ta fito da tsawon santimita 1 ko ɗan fiye, ƙafafun gaba su riga na baya fitowa. A shekarar farko take yin yawancin girmanta, mai samun kulawa takan kusanci santimita 20 a shekara guda, daga nan sai a hankali har wajen shekara 2. To ka ga taka tana baya, amma lokaci bai ƙure mata ba.

Asalin dabbar nan tafkin Xochimilco ne a birnin Meziko, kan tudu mai sanyi. Ruwan digiri 16 zuwa 18 take so. Idan ya wuce 24 ya daɗe a haka, ta shiga wahala. Ruwan da aka ajiye a ɗaki a Agege ko Idi-Araba kuwa ba fanka ba komai, cikin sauƙi yake kai 28. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar numfashi sosai, ga jikinta na ƙona abinci da sauri, ita kuma ta daina ci. Sai rama, sai gashin numfashin nan uku-uku na gefen kanta su ƙanƙance, wani farin abu kamar auduga ya fara kama su. Dabbar da ke wannan hali ba za ta ƙara tsawo ba ko me ka ba ta.

Fanka a saman ruwa tana rage digiri 2 ko 3 a wuri mai busasshiyar iska. A Legas iskar cike take da laima, don haka ragin bai taka kara ya karya ba. Robar ƙanƙara kuma tana sauke zafin farat ɗaya, ta narke ya sake hawa, wannan hawa da saukar ma wata cutar ce. Ta gaggawa ce kawai. Abin da ke aiki shi ne na'urar sanyaya ruwan tanki, a haɗa ta da inbata ko sola saboda ɗaukewar wuta. Wanda ba zai iya wannan ba, a ganina gara ya haƙura da kiwon.

Sai tanki: lita 75 shi ne mafi ƙaranci ga guda ɗaya, mai tsawo ya fi mai zurfi tunda a ƙasa take zama. Amoniya da naitirait, wato gubar da kashinta da ragowar abinci ke haifarwa a ruwa, su zama sifili, ka canza kashi ɗaya cikin biyar na ruwan duk mako. Ruwan famfo sai an cire masa kulorin, na burtsatse kuma a gwada shi tukun, don na wasu unguwannin yana da tsami ko gishiri. Kada filta, wato na'urar tace ruwan tanki, ta riƙa kaɗa ruwan da ƙarfi. In ka ga bakin jelarta ya lanƙwashe, takura ce.

A wannan girman kullum za ka ciyar da ita. Tsutsar ƙasa ta fi komai, a wanke a yanka daidai faɗin bakinta, kuma kada a haƙo ta a bakin kwata ko inda aka yi feshin magani. Idan aksolotil ɗin ta girma, sau 2 ko 3 a mako ya wadatar. Faɗin cikinta ya yi daidai da faɗin kanta, wannan shi ne ma'aunin ƙoshi.

Kwashe tsakuwa in akwai, tana haɗiye su su toshe mata hanji. In kuma su biyu ne ba girmansu ɗaya ba, raba su, babbar tana cinye abincin ta kuma gutsure ƙafar ƙaramar. Ƙafar za ta sake tsirowa, amma girman ne zai ja baya.

Ka auna ta duk wata ka rubuta. Idan ruwan ya gyaru, tana ci, aka yi wata 3 ba ƙari, sannan a fara maganar wadanci.