Tambaya da amsa: In kwashe kuɗina daga banki saboda haraji? Kuma laifi ne daidaitawa da mai karɓa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, atamfa da shadda nake sayarwa shekara sha ɗaya kenan. Wallahi hankalina a tashe yake, ana ta turowa a WhatsApp wai da sabuwar dokar haraji duk kuɗin da ya shigo asusunka sai gwamnati ta yanki nata, har wasu a layinmu sun daina karɓar tiransfa. Sannan duk shekara ana kawo mana takarda da kuɗi mai yawa, sai wanda ya kawo ya ce in ba da rabi a hannu a rufe magana, haka muka saba yi. Ni dai ban ga abin da ake mana da kuɗin ba, gwamnatin da ko yawanmu ba ta sani ba, ma'aikatanta ma ana cewa da yawa na bogi ne. In kwashe kuɗina daga banki ne? Kuma akwai matsala in na ci gaba da daidaitawa?

Amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Maganar banki kwantar da hankalinka, kar ka kwashe ko sisi. Dokokin haraji huɗu ne shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, babbar cikinsu ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, kuma babu inda aka ce banki ya riƙa yankar kaso a duk alat ɗin da ya shigo maka. Abin da ake cirewa kai tsaye shi ne naira 50 ɗin nan ta tura kuɗi daga dubu 10 zuwa sama, wadda da ma ka santa. Harajinka a kan riba yake, ba a kan ciniki ba, in ka sayar da dila ta miliyan uku ai uwar kuɗin ta mai kaya ce, ɗan abin da ya hau kai bayan ka cire kuɗin shago da dako da na yara shi ne naka. A sabon tsarin naira dubu 800 na farko a shekara babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin ɗari. Misali wanda ribarsa ta shekara miliyan 2 ce, miliyan 1.2 kawai za a lissafa, ya biya dubu 180. Masu tura muryoyi a WhatsApp ɗin nan ko shafi ɗaya na dokar ba su buɗe ba, kuma ranar da ɓarayi suka biyo ka gida saboda an san kana kwana da tsabar kuɗi ba za ka ga ko ɗayansu ba.

To amma tambayarka ta biyu ita ce ta dame ni, don kusan kullum sai na haɗu da ita a ofis, kuma mutane masu hankali da dukiya ne ke yin ta suna ganin dabara suka yi.

Alhaji, kuɗin da ka miƙa a hannu ba rasit ba haraji ka biya ba. Kyauta ka yi wa wani mutum. Takardar da aka kawo maka tana da lamba, kwafinta yana can a fayil ko a kwamfuta da sunanka da adadin da aka ƙiyasta maka, rabin da ka bayar bai taɓa wannan adadin ba, yana nan cif kamar yadda aka rubuta shi, shekara ta zagayo a ɗora wani a kai, ga tara ga kuɗin jinkiri. Shi wanda ka ba wa gobe za a iya yi masa canjin wurin aiki, ko ya yi ritaya, ko ma ka tarar tun farko ba ma'aikaci ba ne, ɗan kamasho ne da aka ba riga da kati. Wanda ya gaje shi in ya buɗe fayil abin da zai gani kawai shi ne Alhaji wane bai biya ba shekara kaza. Kuma ka lura da wannan da kyau, wurin da doka ta ba hukumar haraji damar karɓar kuɗi ta bankinka shi ne a kan bashin da ya tabbata, wato an aiko maka da takarda, kwanakin ƙorafi sun wuce ba ka ce komai ba, ba ka kuma biya ba. Kenan abin da kake tsoro a tambayarka ta farko, daidaitawar nan ce hanyar da za ta iya kawo maka shi har gida.

Akwai wani dattijo da ya zo wurina, ya samu damar kai yadin yunifom wata makaranta sai aka nemi takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku. Ya shigo da baƙar leda a ƙulle, ya zazzage min a kan tebur, guntayen takardu ne wasu an yago su daga littafin makaranta, wasu da tambari a dushe ba a karanta shi, wasu sa hannu ne kawai da biro ja. Ya ce ai shi bai taɓa fashin shekara ba, kuma na yarda da shi, gaskiya yake faɗa. Muka baje su ɗaya bayan ɗaya, babu ko guda da ke da lambar da za a iya bin ta a ga kuɗin ya shiga asusun gwamnati. Ya yi shiru yana juya hularsa a hannu, can ya ce to yanzu duk wannan ya tafi kenan. Kwangilar ta wuce shi, kuma sai da ya sake zama aka yi lissafin shekarun baya. Da tun farko ya je ya yi ƙorafi a rubuce da littafin cinikinsa, ina da yaƙinin abin da zai biya na gaskiya bai kai abin da ya rabar a hannu ba.

Abin da ke ƙona min rai kenan, yawanci adadin da ake rubutowa a takardar ƙiyasi ne, an kalli girman shago da cikar kanta an yanka, saboda ba ka kai musu lissafinka ba. Wani ma da gangan ake kumbura shi don ka firgita ka ce a daidaita. Doka ta ba ka kwana 30 daga ranar da takarda ta iso ka ka rubuta cewa ba ka yarda ba, ka kawo hujja. Mutanenmu ba sa amfani da wannan ko kaɗan, gani suke shiga ofis jawo wa kai ido ne, alhali idon yana kanka tun ranar da aka rubuta sunanka. Wasu kuma sai su ce ai kowa haka yake yi a layi. Kowa ɗin ne ma ya sa abin ya zama sana'a, in shago ɗari a layi ɗaya suka ce ba ma ba da ko kwabo sai ta banki, mai zuwa da rigar aro ba zai sake dawowa ba.

Ka ce ba ka ga abin da ake muku da kuɗin ba. Ina tare da kai ɗari bisa ɗari, duk wanda ya ga yadda ruwa ya shiga shagunan Kwari a daminar 2022 ya jiƙa dilolin mutane ya san akwai tambayar da ya kamata a amsa. Amma da me za ka yi tambayar? Ƙungiyar kasuwa in ta je gaban hukuma ta ce mun biya kaza bara, ga rasit ɗinmu, ina magudanar ruwa, wannan magana ce mai nauyi. In kuwa a littafi an ga kasuwa guda ɗan abin da ta kawo bai taka kara ya karya ba, sai a ce muku ai ku ne ba kwa biya. Har a matakin ƙasa haka ake mana, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da abin da kowace jiha ta tara da kanta, sai ka ji ana gori wai Kano duk kasuwancinta ba ta biyan haraji. Ana biya wallahi, a aljihu yake tsayawa. Kuma ƙoƙarin tara kuɗin shiga yana cikin ma'aunan da ake raba wa jihohi kason tarayya da su, tare da yawan jama'a da faɗin ƙasa, ka ga asarar ta zama biyu.

Mu Kanawa muna da tarihi da haraji, na sani. Iyayenmu sun ga zamanin da ake bin mutum kai da kai ko yana da shi ko ba shi da shi, har marigayi Abubakar Rimi ya soke wancan harajin na kai da jangali da ya zama gwamnan Kano a 1979, shi ya sa har yau kalmar kanta tana da ɗaci a bakinmu. Wancan zalunci ne don ba ya duba samu. Na yanzu a takarda yana duba samu, sai dai mu da masu karɓa mun haɗu mun mayar da shi ciniki.

Maganar yawanmu kuwa ka faɗi gaskiya. Ƙidaya ta ƙarshe 2006 aka yi ta, aka ce Kano mutum miliyan 9.4, wadda aka shirya a 2023 aka ɗage ta, yaron da aka haifa shekarar ƙidayar yau ya isa tsaron shago, duk abin da kake ji yanzu hasashe ne aka ɗora a kan tsohon adadi. Alƙaluman ma sai ka tambayi yadda aka auna, rashin aikin yi an ce kashi 33.3 a ƙarshen 2020, a 2023 aka canza ma'auni ya zama duk wanda ya yi aikin awa ɗaya a sati mai aiki ne, sai adadin ya koma 4.1, ba wai masana'antun Sharaɗa da Bompai ne suka farfaɗo ba. Ma'aikatan bogi ma ba ƙage ba ne, a 2016 ma'aikatar kuɗi ta tarayya ta cire sunaye sama da dubu 23 daga jerin albashi bayan an gwada su da lambar BVN. Ka lura da yadda aka kama su, albashin ta banki yake bi, ya bar sawu. Kuɗinka na hannu ba shi da sawun da odita zai bi ko da yana so.

Kuma akwai hanyar tambaya da doka ta tanada, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ce in ka rubuta wa hukuma kana neman bayani ta amsa cikin kwana 7. Za su yi ta maka yawo da hankali, oga ba ya nan, fayil yana sama, dawo jibi, na sha wannan har na gaji, amma takardar da aka buga wa tambarin karɓa ba ta ɓacewa kamar maganar baki, shi ya sa kullum nake cewa shugabannin kasuwa su riƙa rubutawa da sunan ƙungiya suna ajiye kwafi.

Yanzu abin da nake so ka yi Alhaji, ka sayi littafi mai kauri yaronka ya riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kullum, ka raba asusun shago da na cefanen gida. Ka je ofishin hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha da kanka da lambar NIN ɗinka, don harajin ɗan kasuwa irinka na jiha ne, ka ce a nuna maka abin da ke rubuce a sunanka, gara ka sani yau da a zo da kwaɗo a rufe shago ranar kasuwar sallah. In akwai bashin baya ka nemi a zauna a duba, a raba maka biya, kuma komai a rubuce. Duk wanda ya sake kawo takarda ka karɓa da mutunci, ka duba wace hukuma ce, ta jiha ko ta ƙaramar hukuma, da sunan harajin, ka ce za ka biya a banki a asusun gwamnati. In ya ce sai dai a hannu ko a tura wani asusu mai sunan mutum, ka ɗauki hoton takardar da katinsa ka kai wa shugabannin layinku a ranar.