Ɗan wasan tanis da ke son zama koci a jami'ar Amurka: ta ina zai fara?

Wani ɗan'uwa ya rubuto mana daga Amurka. Ya tafi da bizar karatu ta F-1, shekara huɗu yana buga wa jami'arsa tanis, kuma a watan Mayu zai kammala digirin farko a fannin kasuwanci. Burinsa ya zama koci a jami'a. Kocinsa ya ce ya tsaya ya riƙa taimaka masa, wasu iyaye a unguwa suna roƙon ya koya wa 'ya'yansu su biya shi a hannu, a gida kuma ana ta tambayar yaushe zai zo, yaushe zai fara aike.

Ƙanenmu, bari mu fara da kuɗin hannun nan, don shi ne ramin da ya fi kusa da ƙafarka. Mai F-1 ba shi da izinin aiki a wajen makaranta sai da amincewa a rubuce. Koyar da yaro awa ɗaya a karɓi lada aiki ne a idon hukumar shige da fice, ko tsabar kuɗi aka miƙa maka ko ta waya aka turo. Ranar da za ka nemi sauya matsayin bizarka za a iya tambayarka tarihin aikinka, ƙarya a wannan wuri kuwa ta fi laifin farko muni. Haka ma sansanin horar da yara na lokacin bazara. A jami'o'i da yawa kamfanin babban kocin ne na ƙashin kansa ke gudanar da shi, ko da a filin jami'ar ake yi. Ka tambayi sunan wa zai fito a takardar biyan kuɗi kafin ka ce to.

Bayan kammala digiri akwai izinin aiki na wata 12 da ake kira OPT. Ana iya nemansa tun saura kwana 90 a gama karatu, har zuwa kwana 60 bayan gamawa. Ka fara zuwa ofishin ɗaliban ƙasashen waje su sabunta maka I-20, takardar da makaranta ke ba mai F-1, da shawarar OPT, sannan ka aika fom I-765 ga USCIS, hukumar shige da fice da ke ba da izinin, cikin kwana 30 da wannan sabuntawa. Wanda ya wuce kwana 30 ɗin ana ƙin buƙatarsa, kuɗin fom ya tafi. Kada ka fara aiki sai katin ya iso hannunka kuma ranar da ke jikinsa ta yi. Cikin shekarar, zaman banza kada ya haura kwana 90 jimilla.

Inda gizo ke saƙar shi ne dole aikin ya dace da abin da ka karanta. Digirin kasuwanci da tsayawa a fili ana jefa ƙwallo ba su haɗu kai tsaye ba. In aikin da kocinka zai ba ka ya ƙunshi kasafin kuɗin tawaga, tsara tafiye-tafiye da sayen kayan wasa, a sa hakan ƙarara a wasiƙar ɗaukar aiki. In kuwa "tsaya ka taimaka" magana ce ta fatar baki, ba albashi ba wasiƙa, to alheri yake nufi amma ba ta riƙe maka matsayi. Ka sani ma tun Yulin 2023 NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta soke gurbin kocin sa-kai a rukuni na ɗaya, wato mafi girma cikin rukunanta uku.

Mu dai shawararmu ka nemi gurbin ɗalibin digiri na biyu mai taimaka wa koci, wanda suke ce wa GA. Yawanci shekara biyu ne, ana ɗauke maka kuɗin makaranta duka ko wani kaso, a ba ka ɗan alawus. Kana nan kan F-1, aikin na cikin makaranta ne, iyakarsa awa 20 a mako lokacin zangon karatu. Ribarsa uku ce: ka sami shekara biyu ta gogewa, ka sami sabon OPT na wata 12 domin kowane matakin digiri na gaba yana da nasa, kuma ka gyara fannin karatunka. Zaɓi kimiyyar motsa jiki ko gudanar da harkokin wasanni. Ka duba lambar fannin da za a rubuta a I-20, domin wasu fannoni irin su nazarin aikin gaɓoɓi yayin motsa jiki suna cikin jerin STEM na fannonin kimiyya da fasaha, mai ƙarin wata 24 a kan OPT, in mai ɗaukar aikin yana cikin E-Verify, tsarin gwamnati na tantance izinin aikin ma'aikata. Ana tallata irin waɗannan gurabe a shafin ayyuka na NCAA da na ITA, ƙungiyar tanis ta jami'o'i, galibi daga ƙarshen kakar wasa zuwa bazara. Amma kiran waya ɗaya daga kocinka zuwa wani koci ya fi wasiƙa ashirin.

Dalilin nacewa kan fanni shi ne H-1B, bizar aiki ta ƙwararru da za ka buƙata bayan OPT. Jami'o'i ba sa shiga cacar gurabe 85,000 ta kowace shekara, suna iya nema maka a kowane wata, shekara uku da farko, a sabunta zuwa shida. Sai dai sharaɗinta aikin ya kasance mai buƙatar digiri a takamaiman fanni, USCIS kuma ta saba tambayar me ya sa koyar da tanis zai buƙaci digiri. Tallar aikin da ta ce "kowane digiri ya wadatar" tana raunana buƙatar. Wadda ta ambaci fanni, ko ta haɗa kocin da koyar da darasi a aji kamar yadda ƙananan kwalejoji ke yi, ta fi ƙarfi. Tun a hirar farko ka tambaya ko suna nema wa kociyoyi H-1B, kuma ofishin ɗaukar ma'aikata ne zai amsa, ba kocin ba. Ita ma H-1B ɗaure take da jami'ar da ta nemo ta, ba ta halatta maka darasin gefe ba. In an sallami babban koci, sau da yawa mataimakansa na bin sa, kai kuma kwana 60 ne mafi yawan abin da kake da shi ka sami wani wuri. Akwai kuma bizar O-1 ta masu fice, wadda ke neman a cika aƙalla uku cikin sharuɗɗa takwas. In ka taɓa buga wa ƙasa gasar Davis ko jaridu sun yi rubutu a kanka, adana komai, lauya ya auna.

Shi aikin kansa, wanda ya buga ya san rabinsa: maki bakwai a karawar rukuni na ɗaya, ɗaya na 'yan bibbiyu shida na ɗaiɗai, wanda ya fara kai huɗu ya ci. Rabin da ɗan wasa ba ya gani shi ne nemo sabbin 'yan wasa, kuma da shi ake auna mataimaki. Sai ka iya karanta alƙaluman UTR da WTN, lambobin da ke auna ƙarfin ɗan tanis, ka gane wanda lambarsa ta kumbura don raunanan abokan karawa, ka san ba a tuntuɓar ɗan sakandare a rukuni na ɗaya sai daga 15 ga Yuni bayan shekararsa ta biyu. Kai ne mai lissafin awoyin atisaye kada su wuce 20 a mako ko huɗu a rana lokacin kakar wasa, da hutun kwana ɗaya. A da maza na raba gurbin tallafin karatu huɗu da rabi, mata takwas. Daga 2025 makarantun da suka shiga sabon tsarin raba kuɗin shiga da 'yan wasa iyakar 'yan wasa goma ce ta ɗaure su, rukuni na uku kuwa ba ya ba da tallafin wasa sam. Nemi lasisin tuƙi mai tsabta don kai za ka ja motar tawaga, koyi ɗaura wa raket zare, yi shaidar agajin gaggawa, ka ƙara da shaidar koyar da tanis ta ƙungiyar PTR ko RSPA. Kada ka raina rukuni na biyu, na uku ko NAIA, ƙungiyar wasannin ƙananan jami'o'i, nan ake saurin zama babban koci.

Sai maganar gida. Tambarin biza da ke fasfo na shigowa ne kawai, ƙarewarsa ba ta taɓa matsayinka muddin kana ciki da I-20 mai rai. Fita ce ke tayar da shi. A Yulin 2025 aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga sau ɗaya. A Disambar 2025 aka sa Najeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa sabbin bizar karatu da ta ziyara, Nijar kuma cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa gaba ɗaya. A Satumbar 2025 kuma aka ɗora dala 100,000 kan sabbin buƙatun H-1B na waɗanda ke waje, USCIS ta ce wanda aka sauya wa matsayi yana cikin ƙasar bai shiga ba. Waɗannan dokoki suna juyawa, don haka kada ka yanki tikiti sai ofishin ɗalibai ko lauya ya duba halin da ake ciki a makon. Ka zaunar da Baba da Inna a waya ka yi musu bayanin nan da Hausa, kada su ɗauka guje musu kake.

Aike ma ka faɗi gaskiya tun yanzu. Alawus ɗin GA da ƙyar yake ɗaukar haya da abinci, wasu kwantiragin mataimaka kuma na wata tara ko goma ne, bazara ba albashi. Ka yanke ɗan abin da za ka iya kowane wata ka tsaya a kansa, ka rage na lauya a gefe.

Da zarar an ji ka zama koci, za a fara turo maka bidiyon yara daga gida. Ka nuna musu hanya: rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA, sakamakon WAEC ko NECO, da wasannin matasa na ITF, hukumar tanis ta duniya, da za su ba yaro lamba. Amma kada ka saya wa yaron da makarantarku ke zawarci tikiti, kada ka biya masa kuɗin fom daga aljihunka, ko da ɗan maƙwabcinku ne. A wurinmu zumunci ne, a littafin NCAA kuwa saɓa doka ne da kan iya hana yaron wasa ya kuma ci kujerarka. Duk irin wannan, kai shi ofishin bin ƙa'ida na sashen wasanni kafin ka amsa saƙon.