Ga 'yar'uwar da ke shirin ajiye aiki bayan kansar mama ta kai ƙashi

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce ke malamar makaranta ce, shekara 14 kina koyarwa, kuma mako 3 da suka wuce likita ya shaida miki cewa kansar maman da aka yi miki aiki a kanta ta dawo, ta shiga ƙashin baya. Kina tunanin rubuta takardar ajiye aiki tun kafin a ce kin gaza, sannan kina tambaya ko dole ne shugabar makaranta ta sani.

Ki ajiye biron nan tukuna. Ni shekara 4 ke nan da 'yan watanni nake tare da wannan ciwon. Nawa a ƙashin ƙugu da haƙarƙari ya fara bayyana, bara kuma aka ga ɗigo biyu a hanta. Akanta ce ni, har yau kuma ina ɗaukar albashi, sai dai aikin da nake yi yanzu ba irin na da ba ne. Takardar da kike son rubutawa ni ma na rubuta ta a makon farko. Maigidana ne ya zare ta daga jakata ya ɓoye, na yi kwana biyu ba na masa magana.

Dalilin da ya sa nake cewa ki dakata shi ne, a watan farko tsoro ne ke yanke miki shawara, jikinki bai riga ya faɗi tasa ba. Kansar mama ba iri ɗaya ba ce, maganinta ma haka. Mafi yawanmu, kusan 7 cikin 10, tamu sinadarin mata take ci ta girma, kuma irin wannan sau da yawa da ƙwayoyi ake farawa, ba da kemo ba, wato maganin kansa mai ƙarfi da galibi ake sakawa ta jijiya. Ni letrozole aka ba ni kullum, haɗe da palbociclib, maganin da aka fara amincewa da shi a Amurka a 2015, wanda ake sha kwana 21 a huta kwana 7. Gashina bai zube ba, na kuma yi kusan shekara 3 a kansa ina zuwa ofis. Mai irin da ake kira HER2 kuwa, wadda wani sinadari mai wannan suna ke hura girmanta, yawanci duk mako 3 take zuwa a saka mata trastuzumab, ana duba zuciyarta lokaci-lokaci. Wadda tata ba ta cikin waɗannan biyun, ita ce ta fi jingina da kemo. Rayuwar aikin waɗannan mata uku ba za ta zo ɗaya ba. Ki bari ki yi zagaye biyu ko uku na maganinki, jiki magayi.

Abin da ya fi ba ni wahala a wurin aiki ba ciwo ba ne, tambaya ɗaya ce: "Yaushe za ki gama maganin?" Mutane sun saba da labarin kansa mai farko da ƙarshe, a yi tiyata, a yi kemo, a gasa wurin da na'ura, a dawo aiki a yi barka. Ke ma haka kika yi a karon farko, shi ya sa abokan aikinki za su ɗauka wannan ma haka ne. Mataki na 4 kuwa, wato lokacin da kansar ta bazu zuwa wani sashe na jiki kamar tamu, ba ya ƙarewa. Ana danne shi ne da magani, idan wannan ya daina aiki a koma wani. Na ɗauki kusan shekara ina amsa musu da "sai a hankali", su kuma suna jiran ranar da zan dawo yadda nake da. Kowa ya sha wahala. Ranar da na zauna da shugabana na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan ciwon kamar ciwon suga ka ɗauke shi wajen tsara aiki, magani ne na dindindin, akwai makonni masu kyau akwai marasa kyau," daga ranar aka fara yin tsari mai ɗorewa maimakon lallaɓawar wata-wata.

Wannan ya kawo mu tambayarki ta biyu. Ba kowa ke da haƙƙin sanin ciwonki ba, amma wadda ke tsara jadawalinki ba za ta iya sauƙaƙa miki abin da ba ta sani ba. Ni mutum biyu na gaya wa, shugabana da jami'ar kula da ma'aikata, na kuma ce kada ya wuce su. Ban ba su sakamakon hoto ba. Takardar likita na kai, mai bayanin abin da zan iya da abin da ba zan iya ba. Duk abin da kuka yi magana a kai da baki, ki bi shi da rubutaccen saƙo, ki ajiye kwafi a gida. Shugaban da ya tausaya miki yau ana iya canza shi gobe, ni an canza nawa sau biyu, na biyun kuma takardun nan ne kawai suka sa ya bar tsarina yadda yake. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya dokar daidaito ta 2010 tana kare mai kansa tun daga ranar da aka gano ciwon, a Amurka dokar 1993 ta ba ma'aikacin da ya cancanta hutun mako 12 ba albashi tare da riƙe masa gurbinsa. Ki nemi ta inda kike, ki karanta ƙa'idojin aikinki, ki yi magana da ƙungiyarku ta malamai. Ki tambaya musamman me zai faru da inshorar lafiya da fansho, domin wadda ta ajiye aiki da kanta da wadda aka yi wa ritaya bisa rashin lafiya ba lallai su tashi da abu ɗaya ba.

Sai kalanda. Kafin ki nemi sauƙi, ki san kwana nawa asibiti zai riƙa cinye miki. Ni akwai gwajin jini kafin kowane zagaye, akwai allurar denosumab ta ƙarfafa ƙashi duk mako 4, akwai hoto kusan duk wata 3, sai ranar jin sakamako, wadda ko na je ofis gangar jiki ce kawai ta je. Na riƙa rubuta yadda na tashi kowace safiya a ƙaramin littafi, cikin wata 3 na gane cewa mako na uku na shan palbociclib shi ne nake komawa kamar tsumma. Sai na roƙa a daina ɗora mini rufe lissafin wata idan ya faɗo a makon. Ke ma da irin wannan littafin za ki san ranakun da za ki nemi a rage miki darussa.

Akwai abu biyu da suka shafe ki ke kaɗai a matsayinki na malama. Na farko, wasu daga cikin waɗannan magungunan suna rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, ke kuma kina wuni cikin yara masu tari da mura. Ki ajiye ma'aunin zafi a jakarki, idan ya nuna digiri 38 na Celsius ki kira likitanki nan take, ba sai an tashi ba. Na biyu, ƙashin bayan nan. Ki nemi kujera mai kyau a aji, aji a ƙasa ba a bene ba, ki daina ɗaukar tarin littattafan gyara. Idan kika ji sabon ciwon baya mai tsanani, ko ƙafafu sun yi nauyi ko sun sage, ko fitsari ya ƙi fita ko ya ƙi riƙuwa, wannan na gaggawa ne, yana iya zama lakar baya ce ta matsu. A bar darasi a tafi asibiti.

Gajiyar kuwa, barci ba ya warkar da ita. Ga mantuwa. Ni da nake riƙe lambobi a ka, na taɓa biyan ɗan kwangila ɗaya sau biyu. An dawo da kuɗin, amma na shiga bayi na yi kuka sosai. Tun daga nan komai sai na rubuta, aikin lissafi da safe nake yi, kuma ni da kaina na nemi wata ta riƙa bin bayana. Wani abin ma dariya zai ba ki: da aka mayar da ni kan capecitabine bara, tafin hannuna ya yi ja ya yi santsi har na'urar dangwala yatsa ta ofis ta daina gane ni. Kwana 9 ana rubuta ni cikin waɗanda ba su zo ba, alhali ina zaune a kan teburina.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne ƙarin girma. Saura kaɗan a ba ni shugabancin sashe lokacin da ciwon ya dawo. Aka ba wani yaro da ni na koya wa aiki, ba wanda ya tambaye ni, wai don kada a ɗora mini nauyi. Da an tambaye ni ƙila da na ce a'a, amma ni ya kamata in faɗa. Na gaya musu haka. Daga baya da kaina na zaɓi komawa kwana 3 a ofis, sauran daga gida, albashi ya ragu, na kuma daina neman kujerar. Har yanzu idan na ga ana shiga taron shugabanni wani abu yana tsaya mini a wuya. Ki sa ran wannan, kada kuma ki bari tausayi ya sa a riƙa yanke hukunci a bayan idonki.

Ba ina cewa kowa ta ci gaba da aiki ba ne. Wata baiwar Allah da muke haɗuwa a ɗakin ƙarin ruwa ta bar nata bayan wata 6, ta ce ƙarfin da ya rage mata na 'ya'yanta ne, ban kuma taɓa ganin ta yi nadama ba. Bambancin shi ne ta bari bayan ta gwada, ta kuma gama shirya takardunta. Ni ma na sa wa kaina iyaka: ranar da na ga ina dawowa gida ba abin da nake iyawa sai kwanciya, mako bayan mako, zan karɓi takardar nan daga hannun maigidana.

Idan kin koma wurin likita ki tambaye shi wane iri ce taki, me sunan maganin, kwana nawa ne zagayensa, kuma a wane mako jini ke sauka. Ki zo da amsar, sai mu duba jadawalin darussanki tare.