Fatawa: Sanya wa ɗiya suna Tumadir

Tambaya: Malam, daga Ƙofar Guga a Katsina nake rubutowa. An yi mini haihuwar ɗiya, ina son sanya mata Tumadir, amma mahaifiyata ta ce ba ta taɓa jin Musulma da wannan suna ba. Mene ne asalinsa da ma'anarsa, kuma ya halatta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah Ya raya ta a kan Sunna. Tumadir sunan Larabawa ne tun zamanin jahiliyya, kuma sahabbai mata sun amsa shi. Shi ne sunan yanka na Khansa'u 'yar Amru, ta ƙabilar Banu Sulaim, wadda ta shahara da waƙoƙin makokin ɗan'uwanta Sakhru kafin ta musulunta. Akwai kuma Tumadir 'yar Asbagu Bakalbiya, wadda Abdurrahman ɗan Aufu ya aura a Dumatul Jandal, ta haifa masa Abu Salama, babban malamin Tabi'ai a Madina. Ita ce Abdurrahman ya saka yana cikin ciwon ajali, Sayyidina Usman ya ba ta gadonta, wanda hakan na cikin hujjojin Malikiyya a mas'alar gadon matar da aka saka a ciwon ajali.

Asalin kalmar daga haruffan mimun, ladi da ra'un ne. Masanin lugga Ibnu Duraidin ya kyautata zaton an ciro ta daga "labanun madir", wato nonon da ya yi tsami, kuma masana lugga suna fassara sunan da mace fara mai hasken fata, domin farin nono ake nufi, ba tsaminsa ba.

Wajen furuci, a yi wa ta'un rufu'a, a ja mimun, a yi wa ladi kisira: Tu-maa-dir. Harafin nan na ladi shi ne wanda Bahaushe ya saba mayarwa "l", kamar yadda ya yi a alƙali da larura da alwala, saboda haka kada ka yi mamaki in limamin unguwarku ya raɗa "Tumalir" ranar suna. Sunan bai ɓaci ba.

Hukuncinsa halacci ne. Annabi (SAW) yana canza sunan da ma'anarsa ta munana ko ta ƙunshi yabon kai, ya mayar da Asiya (ta ainun da sadi) mai nufin mai saɓo zuwa Jamila, ya mayar da Barra mai nufin mai nagarta zuwa Juwairiyya, kuma Tumadir ba ya ɗauke da ko ɗaya daga illolin nan biyu.

Sai dai ina ba ka shawara ka auna wani abu da littattafai ba su ambata ba: a kunnen yaran Katsina, tsakanin Tumadir da tumatir harafi ɗaya ne, kuma yarinyar ce za ta sha tsokana a Islamiyya, ba kai ba. Zaɓen suna haƙƙin uba ne, amma in hakan ya haɗu da rashin natsuwar mahaifiyarka, sanya mata Khansa'u ya isar maka da manufarka, tunda mace ɗaya ce ke da sunayen biyu. Wallahu a'alam.